Waƙar da 'Yata Ta Ƙi Mantawa

Gwaggo Waltraud mai ba da shawara a jarida, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Ba zan sa sunana ba, balle na mijina ko na 'yata. Har jirgin ƙasa na hau zuwa wani gari don in jefa wasiƙar nan a gidan waya.

Kin san gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wadda tashar talabijin ta Jamus ta Yamma ke nunawa, mu kuma nan Jamus ta Gabas hukuma ba ta so mu kalla. To, mu dai kowace shekara muna kallo, labule a sauke, murya ƙasa-ƙasa. 'Yata mai shekara biyar kan zauna a cinyata, ban taɓa damuwa ba, tunda waƙoƙin da ke cin gasar ba da yarenmu ake yin su ba, ba ta riƙe komai. Bana kwatsam sai waƙar Jamusanci ta ci! Wallahi har hawaye na yi. Ashe yarinyar nan ta haddace amshin tsaf.

Tun ranar ba ta rufe baki ba. A baho, a layin burodi, a matakalar bene inda kowane maƙwabci ke ji. Na lallashe ta, na yi tsawa, har marinta na yi, ni da ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Tana kuka ta ce ai yarenmu ne, don me za a hana ta?

Shekaranjiya na je ɗauko ta daga makaranta. Malamarsu ta tare ni da fara'a, wai yarinya akwai murya, har ta tsayar da ita ta maimaita waƙar, ta tambaye ta inda ta koya. Yarinya ta ce a cinyar Mama. Nan take na ja hannunta muka fice.

Mijina ma'aikacin jirgin ruwan gwamnati ne, an kuma taɓa yi masa kashedi. In aka ce gidanmu ya karkata Yamma, takardar fitarsa ƙasar waje ta tafi, aikin ma ya tafi. Shi ya ce a koya mata ta ce a titi ta ji. Ni kuwa ina tsoron in na koya mata ƙarya yau, gobe ni za ta yi wa. Ga wata mota ta wuni a ƙofar gidanmu, mutum biyu a ciki, ba su fito ba. Yaya zan yi?

Uwa Mai Fargaba

AMSA

'Yata, ki kwantar da hankalinki. Mijinki yana da hujja, abincin gidansa yake karewa. Amma ke kika fi gaskiya: yaro ba ya iya riƙe ƙarya, masu tambayar yara kuma sun san aikinsu. Ki daina dukanta, laifin ba nata ba ne. Malamar ma kada ki riƙe ta a rai, abin da aka ɗora mata ta yi.

Ki juya eriyar talabijin ɗinku gabas tun yau. Ki koya wa yarinya waƙoƙinmu na gida har su danne waccan. Sannan ku je ofishin mijinki da ƙafarku ku faɗi abin da ya faru, kafin a aiko kiranku. Wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci.

Nan gaba kuma kada ki wahalar da kanki da hawa jirgin ƙasa. Ina yi muku fatan alheri. Ki gaishe min da mijinki Detlef, ki shafa min kan 'yarki Gesine. Muryarta kam, duk mu da muka saurari kaset ɗin da aka naɗa a gidanku mun yaba.

Gwaggo Waltraud