Wayar Ƙungiya a Wurin Mai Caji

Assalamu alaikum Mubina,

Ki nemi wuri ki zauna, don ba yabo na rubuto ba. Yaya Babanku, yaya tarin Inna? Ni lafiya nake a Legas, in ban da kumburin ƙafa saboda tsayuwa a tashar jirgin ruwa, shi ma da sauƙi.

Jiya mutumin da zai fitar da zoɓon ƙungiyarmu ta matan Yasore ƙasar waje ya nuna mini saƙo daga lambarmu, wai mun fasa, a miƙa kayan ga wani. Innalillahi! Da bai tambaye ni ba, da guminmu na shekara ya tafi.

Yayanki Sagiru ya ce ranar kasuwar Batsari kin bar wayar ƙungiya wurin mai caji, kika faɗa masa lambar buɗewa a gaban jama'a don ya riƙa amsa kira. Ta nan aka samu damar tura saƙon nan. Amanar mutane, Mubina?

Na aiko da ƙaramin sola na cajin waya. Ki canja lambar buɗewar yau. Allah ya shirye ki.

Ni ce mahaifiyarki, Kande. Daga yau wayar nan a ɗakina na gida za ta sha caji, lambarta kuwa ko Babanku ba zai ji ta ba.