Baba da Dogo a Waya

Litinin, 13 ga Afrilu
Kwana tara ke nan da aka kai Baba wurin killace masu cutar nan. Takardar izinin fita har yau shiru. Lambar da gwamnati ke ta shela a rediyo na kira sau goma sha ɗaya, kiɗa kawai take sa min. Allah ya isa.

Laraba, 15 ga Afrilu
Nas ta haɗa mu a waya. Na ce, "Baba, ni ce." Ya ce, "Wa?" Mantuwar da ta fara masa bara ta ƙaru a can. Wai ko abinci ba ya taɓawa.

Asabar, 18 ga Afrilu
Ina shara sai maɗaba'ar su Baba ta faɗo min a rai, har warin tawadar. Ina 'yar shekara bakwai, daga makaranta can nake zarcewa, in ɗare kan tulin takardu. Babban injin Gwaggo suke ce masa, in ya cije takarda sai ka ji, "Gwaggo ta yi yaji!" Shafin da ya lalace, gawa. Manaja kuwa Hadari, da ya taso kowa ya kama kansa. Baba da amininsa Dogo, hannu baƙi ƙirin, suna ta tsiya. Dogo shekara shida da rasuwa. Wallahi ina kewar wurin nan.

Talata, 21 ga Afrilu
Ofishin ba da izini yana bayan shingen 'yan sanda, shingen kuma sai da izini ake wucewa. Wane mai hankalin ne ya tsara wannan?

Juma'a, 24 ga Afrilu
Na gaji da "ni ce", sai bakina ya suɓuce: "Yau Gwaggo ta yi yaji kuwa?" Sai dariya! Ya ce, "Dogo, kai ne? Ina ka shige?" Na ce e. Minti goma muna zagin Hadari. Nas ta ce bayan nan ya cinye abincinsa tas. Ni kuwa kuka na yi a banɗaki. Ni nake so ya gane, ba Dogo ba.

Lahadi, 3 ga Mayu
Izini bai fito ba. Yau ban ma kira lambar gwamnatin ba.
Muna hira da Baba a waya ya ce, "Dogo, yarinyar nan tawa ta dawo daga makaranta? Kar ka bari ta matsa kusa da wuƙar yankan takarda." Na ce tana nan, idona na kanta. Ya ce madalla.
Ban gyara masa ba. Gobe ma Dogo ne zai kira.