Ɗakin Inna Ba Ya Son Kwano

Zuwa ga ƙanena Mamman Sani a Kwatano. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali, saƙonka ya iso: a rushe ɗakin Inna, a tada na siminti da rufin kwano. Allah ya saka.

Shekarar da fari ya kore ka daga gida, na ji wata magana a kasuwar Urafane, wai ɗakin kwano yana shanye numfashin tsofaffi. Dariya na yi, don maginin ƙasa ne ya faɗa, kuma mai tallan fura ba ya yabon kunu.

Daga baya na sake jin ta a Mayahi. Wai wani akawun sufurefe, shugaban gunduma, ya gina gidan siminti, aka yi ta zuwa kallo, amma bazara na kamawa sai ya ja tabarmarsa ya koma zauren ƙasa na maƙwabcinsa. Nan ma na ce hassada ce.

Ka tuna yadda Baba ya gina ɗakin nan? Mu muka taka ƙasar da ƙafafunmu, aka cuɗa ta da ciyawa, aka bar ta ta ruɓe kafin a murza tubali. Yakan ce bango mai kauri shi ne bargon talaka, shi ne kuma maficinsa.

Na gaji, Sani, ba na ɓoye maka. Giginyar azara ta mutu, wadda ta saura sojan gandun daji sun hana sara. Kowace shekara sai na nemo makubar yaɓe, ga gwiwa ta fara gardama. Ni ma na so kwanon nan, in huta.

To, watan jiya tarin Inna ya tashi, muka kai ta Tasawa ganin likita, ta sauka gidan Hadiza ɗiyata, mai rufin kwano. Da rana ta take, ɗakin ya zama tanda. Ina kallon ƙirjinta yana hawa da ƙyar, muna jiƙa zane muna lulluɓe ta. Sai da muka dawo gida ta jingina da bangonta sannan ta samu barci.

Kar ka aiko siminti. Ka zo da kanka kafin damina, mu kira gayya mu gyara rufin.

Ta ƙarshe da ta faɗa mini maganar ɗakin kwanon nan Inna ce. Ta ce in gaya maka ita ba waina ba ce, in kana son ganinta ka zo tun tana ɗanya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo ka ka iske ta da rai.

Yayanka,
Ilu.