Baitoci Huɗun da Suka Rage

Fraserburgh, 9 ga Oktoba, 1968

'Yata Ailsa,

Ina fata kina lafiya, kina kuma cin abinci mai zafi a Landan ɗin nan. Yaya tarin naki? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koye shi.

Faifanki ya iso. Mun ɗora a garmahon maƙwabta, kakarki na zaune. Da aka zo waƙar matar masunci, wadda ta koya miki, sai ga ƙaho da ƙaton goge na 'yan jaz. Kawunki Dod ya ce ya zaci saniya ce ke naƙuda. Kakarki ba ta yi dariya ba. Ta ce a gidanmu murya ita kaɗai take tafiya, ke kuma kina jan ƙafa bayan kiɗa kamar wadda ta sha giya. Baitoci huɗun ƙarshe da ta ajiye miki, ta ce gara a binne ta da su.

Ailsa, ba wanda ya san su sai ita, ga ciwon ƙirjinta ya tsananta. Ba na iya barci.

Mahaifiyarki,
Ishbel

21 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa da kewa. Kin ce in lallaɓi kakarki in rubuto miki baitocin. Kin manta ba a ba da waƙa a takarda? Sai gwiwa da gwiwa, hannunki cikin nata.

Amma ji abin da ya faru. Ranar Lahadi ta sa aka aro garmahon, wai tana son ƙirga kurakuranki. Daidai inda kika yi shiru kika bar wa ƙaho fili, sai ta buɗe baki. Ta shiga baiti na farko cikin huɗun da ta ajiye, tana jan sa a hankali irin naki. Na ɗauko fensir a ɓoye, Allah ya yafe mini. Layi biyu kawai na kama, hannuna ba ya sauri. Ita ma numfashi ya yanke mata a tsakiya, ƙahon ne ya ƙarasa.

Likita ya ce kwanaki ne suka rage mata. Ki hau jirgin Juma'a, ki sa rigar sanyi.

Na ce mata zan aiko miki da wasiƙa. Sai ta ce, "Ki ce wa marar kunyar nan ta zo da mai ƙahon. Inda na gaza, ya riƙe mini."

Taki,
Mama