Bargon Rigunanka a Hasken Gefe

Zuwa ga maigidana, inuwar da nake fakewa a cikinta idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta tsage, sanyin idona kuma abokin tsufana. Amincin Allah ya tabbata a gare ka a can inda aikin walda ya kai ka.

Ka san ni ba gwanar irin waɗannan kalmomi ba ce. Kai da bakinka ka laƙaba mini suna Alƙaliya, wai ko gaisuwar safe na yi maka sai ka ji kamar hukunci za a karanta. To, yau Alƙaliya ce a gurfane, kuma ita ta kawo ƙarar kanta. Na yi maka ƙarya. Da hoto na yi ta, na kuma iya ta ƙwarai, kuma iyawar ce ta fi tayar mini da zuciya. Tun da abin ya faru, duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in dube shi in ji ƙyamar mai shi.

Ka tuna jajibirin tafiyarka, ya hasken ɗakina? Ka kawo mini wayar nan mai kyamara, ka ce tun da ba za ka riƙa ganin ɗinkina da idonka ba, to in riƙa turo maka. Muka ɗauko ƙaramin bargon haɗe-haɗen da na ɗinka wa jikarmu, ka kama kusurwa biyu ka ɗaga shi sama, ka ɓace a bayansa, ba a ganin komai naka sai yatsun hannu da na ƙafa. Ina ta laluben inda ake dannawa, kai kuma kana mita daga bayan bargo, wai bayan duk shekarun nan an rage maka matsayi daga miji zuwa igiyar shanya. Na yi dariya har wayar ta kusa suɓucewa, ni da ka ce dariyata sai an cike takarda. Da ka sauke bargon sai fuskarka ta sauya, ka ce: “Ki turo mini abin da yake, ko da mummuna ne. A can ba ni da ido sai naki.” Na ce na yi alkawari, na kuma sa Allah shaida, alhali ba ka nemi in kai ga haka ba.

Hotunana na farko abin kunya ne, amma masu gaskiya ne. Babban yatsana ya tare rabin bargo, silifas ɗina da bokitin wanki sun leƙo daga gefe, ƙwan lantarkin ɗakinmu ya mayar da shuɗi kalar taɓo. Ka aiko cewa ka fi kewar bokitin. Ina ma na tsaya a nan!

Sai na sauka wurin mai hoton da ke ƙasan benenmu, matar nan mai surutu da ke ce mini Yaya, na roƙe ta ta koya mini. Ta koya mini in goge idon kyamara da gefen mayafi kafin komai. Ta ce in kashe ƙwan lantarki in jira hasken taga. Ta sa na hau kujera ina riƙe da wayar daidai saman bargon, don kada murabba'i ya fito kamar an ja shi da kunne. Ta nuna mini yadda farin zanen gado, in an rataye shi daura da taga, yake mayar da haske ya cike inuwa. Sannan ta faɗa mini abin da ya zama sanadin faɗuwata: hasken da ya shigo daga gefe, ƙasa-ƙasa, yakan ba kowane ɗinki inuwarsa, har a iya ƙirga sawun allura; hasken da ya faɗo daga gaba kuwa, ko wanda aka tace da labule, shafe komai yake yi, bargo ya fito sumul kamar fuskar ruwa. Ta faɗa mini ne don in nuna aikina. Ni kuma na adana rabin maganar na biyu a zuciyata, kamar yadda ɓarawo ke lura da tagar da ba ta rufuwa.

Ga abin da ban gaya maka ba, ya bangon da nake jingina da shi. Hannuna na dama ya fara rawa. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, na ɗora laifin a kan tabarau. Daga baya kofin shayi ya fara ƙara a kan faranti. Na je wurin likita ni kaɗai, ya ce larurar jijiya ce, magani zai rage mata gudu amma ba zai kore ta ba. A lokacin ina tsakiyar babban bargon da nake haɗa maka da tsofaffin rigunanka: shuɗiyar nan da tartsatsin wuta ya huhhuda, da fara mai ratsi wadda ka sa ranar da aka haifi 'yarmu, da mai ruwan ƙasa wadda na sha cewa ka yar ka ƙi. Rabin farko ɗinkinsa a jere yake kamar sahun masallata. Rabi na biyu kuwa, wayyo, tamkar kaza ta bi ta kan danshin siminti: wani dogo, wani gajere, wani ya bar layi ya kama gabansa.

Me na yi? Na ja farin labule na tace hasken. Na naɗe kusurwar da ta fi muni na tura ta ƙarƙashi, kamar dai ado ne. Na jingina wayar a kan tarin littattafai, na sa ta ɗauka da kanta, don kada rawar hannuna ta girgiza hoton ta tona ni. Na ɗora hannun a kan bargon, na danne shi da ƙarfi ya tsaya cik. Ban tsaya nan ba: na buɗe manhajar nan mai gyaran fata, wadda na sha yi wa 'yan mata wa'azi a kanta, na shafe jijiyoyin da suka taso, na goge tabon ƙunar dutsen guga, na mayar da hannun na yarinya. Ban yi cikin gaggawa ba balle in ce shaiɗan ya fizge ni. A natse na yi, da alwalata, ina gyarawa ina ja da baya ina dubawa, har ina jin daɗin yadda na ƙware. Tir da wannan ƙwarewa!

Na tura maka hoton, sai saƙon muryarka ya iso, muryar nan da ke sauka a ƙirjina kamar iskar da ke gabatar ruwa. Ka ce ka nuna wa abokan aikinka, har wani ya tambaya ko inji ne ya yi. Ka ce ka sa hoton a fuskar wayarka, shi kake fara gani in ka farka. Ka ce hannun Alƙaliya bai san tsufa ba. Sannan ka ce, tun da aikina ya kai haka, za ka sa hannu a ƙarin wa'adi, ka ƙara shekara a can, don ka dawo mini da babban keken ɗinki ka kama mini shago.

Na saurara har ƙarshe. Wane hannu ne wannan da kake kallo kowace safiya? Bai taɓa jiƙa maka tsumma ya ɗora a goshinka ba lokacin zazzaɓi. Bai taɓa cire maka ɓurɓushin ƙarfe daga fatar wuya ba. Abu ne mai santsi kamar cikin ƙadangare, marar tarihi, wanda na ƙera da yatsana na aika ya zauna a wurina. Kuma saboda shi za ka ƙara shekara kana shaƙar hayaƙi, idanunka suna ƙuna a bayan baƙin gilashi, don sayen keken da ba zan iya sarrafawa ba!

Na titsiye kaina da tambaya, kamar yadda na saba titsiye wasu. Na ce ko tausayinka ne ya sa, don kada hankalinka ya tashi kana nesa? Na so ƙwarai amsar ta zama haka. Amma da na tona sai na tarar da girman kai kwance a ƙasa, ya yi ƙiba. Na fi son ka yabe ni a kan ƙarya da ka tausaya mini a kan gaskiya. Ni da nake warware ɗinkin yini guda saboda kuskuren da ba mai gani sai Mahaliccina, ashe ba tsoronSa ne kaɗai ke sa ni ba, har da son a ce ba na kuskure.

Ya ruwan da nake ƙishi, ya bishiyar da na girma a gindinta har na manta ita ke tare mini rana, ina roƙonka: kada ka sa hannu a takardar nan sai ka buɗe abin da ke cikin ambulan ɗin nan. In ka gani ka zaɓi zama, to ka zaɓa da idonka a buɗe. Amma in son raina kake tambaya, wanda ban saba faɗa ba, ka dawo. Ba na son keke, ba na son shago. Ina son wanda zai zura mini zare a allura yana yi mini tsiya. Ina son igiyar shanyata. Ɗakin nan ya yi mini faɗi, kuma rigunanka da na yayyanka sun daina ƙamshinka tun tuni.

Shekaranjiya da hantsi na zuge labulen gaba ɗaya, na shimfiɗa bargon a ƙasa inda hasken ke shigowa daga gefe, na warware kusurwar da na ɓoye. Kowane karkataccen ɗinki ya miƙe da inuwarsa yana ba da shaida. Na ɗora hannuna ban danne shi ba, na ɗauki hoto, shi ya sa za ka ga yatsun sun ɗan yi hazo. Na kai wa mai hoto ta wanke mini. Ta duba, ta ce mutane roƙonta suke ta cire musu irin wannan, ta tambaya ko ta ɗan taɓa shi kaɗan. Na ce ta bar shi yadda yake. Ta sake dubawa, ta dubi hannuna, sai ta wanke mini shi ba tare da ta taɓa komai ba. Rubutun nan ma da kake karantawa shaida ne. Da can ba haka nake ja layi ba.

Na nemi gafarar Ubangijina, yanzu taka nake nema. Wannan hoto na biyu ba ya goge na farko, kuma ba zan yi wa kaina sassaucin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ka ce in turo maka abin da yake, na ce na yi alkawari. Ban cika shi ba, na karya shi.

Taka, da hannun nan mai rawa, wanda bai taɓa riƙe na wani ba kuma ba zai riƙe ba har ya daina motsi,

Alƙaliyarka.