Notin Salansar Motar Baba

Zuru, Jihar Kebbi

Zuwa ga Yaya Talatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, ya kuma tsare ku a can Fatakwal. Mu nan ƙalau muke. Dawa ta yi kyau bana, gwiwar Mama ma ta yi sauƙi, har tana zuwa sujada da ƙafarta.

Saƙonki ya iso, cewa a sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar Fijon marigayi Baba tunda ta zama ɗakin kaji. Ban ƙi ta taki ba, ke ce babba. Amma kin san ni da shisshigi, na ce bari in tashe ta ko sau ɗaya kafin a yanka ta. Ta kuwa tashi! Sai dai a hanyar Mahuta na faɗa wani rami, noti ɗaya cikin biyun da ke riƙe da salansa ya fice, na dawo gari tana ruri kamar injin niƙa, jama'a na toshe kunne.

Na kwance ɗayan na kai wa Ndubuisi mai kayan mota don ya ba ni irinsa. Mutumin nan ya zazzage gwangwanayensa kaf, babu wanda ya shiga. Ya juya notin, ya duba haƙoransa, ya rantse shekararsa ashirin a kasuwa bai taɓa ganin irinsa a jikin mota ba. Abin ya tsaya mini a rai. Baba da ya yi tuƙi a soja, wanda ko taya ba ya bari wani ya sa masa, me zai kai shi ɗaura baƙon noti? Na tambayi bakanike uku, kowa da nasa hasashen.

Ashe abin nema na cikin gida. Mama ta ga notin a hannuna, ta yi dariya har da hawaye, ta ce in leƙa ƙarƙashin gadonta na ƙarfe. Kin tuna dutsen nan da ke tokare da gadon, wanda muke tsammanin ƙasa ce ba daidai ba? Ta ce ranar da naƙudarki ta kama ta, salansar ta faɗo a ƙofar gida, Baba ya ruga ɗaki ya cire noti biyu daga gadon aurensu, ya faɗaɗa ramukan salansar, ya ɗaure, ya kai ta asibiti. Ya yi alkawarin mayarwa, shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Biyu suka rage a gadon. Ta ce in cire ɗaya, na ce gadon zai rushe, ta ce ai ta sani. Na ɗaura, ya zauna daram. Da na tayar da motar, Mama ta kasa kunne, ta ce da wannan ƙarar take gane Baba ya dawo. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Yanzu a ƙasa take shimfiɗa katifarta, kuma ban gaya mata zancen sayarwa ba. Na kasa. In har kina nan a kan bakanki, Yaya, ke za ki kira ta ki faɗa mata.

Ki gaishe da maigida, da Dinah da Francis. Mama na sa muku albarka.

Ƙaninki,
Kefas