'Yar Kutsen Gefen Gadon Umma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, aikin ƙafar Umma ya yi kyau, sai dai yau kwana biyu ke nan ta ƙi cin abinci, likita kuma ya ce in ba ta ci ba ciwon ba zai haɗe ba. Dalilin ƙin cin nata ne har yanzu ya bar ni baki buɗe.

Kin tuna matar da na ce miki tana taya mu jinya, mai tabon ƙuna a hannu? Yaya, ashe ba mu haɗa komai da ita ba. Kwana tara tana goge wa Umma jiki, tana juya ta, tana ba ta abinci a baki. Ni na ɗauka dangin Umma ce, Kawu kuma ya ɗauka dangin Baba ce. Kin san halinmu, wa zai tambaya a ce bai san danginsa ba? Har Anti nake ce mata, ina rusunawa. Shekaranjiya nas ta tambaye mu sunanta don katin masu jinya, ni da Kawu muka tsaya kallon-kallo.

Kawu ya hau faɗa, wai wannan ita ce 'yar kutse, masu shigowa a ɓoye su saje da mutane har su ga makwancin abu. Ni da na zata a waya kawai ake kutse. Ya sa aka fitar da ita, muka zazzage jakar Umma, ko allura ba ta ɓata ba. Sai daga baya nas ta gaya mana mahaifiyar matar ce ta rasu a gadon kusa da namu. Ashe washegarin rasuwar ne matar ta dawo kwasar kwanuka, Umma ta roƙe ta ruwa, shi ke nan ta zauna.

Jiya na kai wa Umma cokali baki, ta kau da kai. Ta ce, "Tun ranar farko na san ba tawa ba ce. Ku da kuke nawa, wa ya taɓa cika awa ɗaya a kujerar nan?"

Wallahi na ji kunya. Yau tun safe nake yawon neman gidan matar, ko sunanta ban sani ba.

Ki gaishe da maigidan, da Auta da Baban Gida. Kawu ma yana gaisuwa, shi ne ya ja mota muka fita neman.

Taki,
Ƙanwarki